Yadda ake riƙe ƙaƙƙarfan kare ruwa-biyu a ƙauye, tun daga ranar da aka kawo shi

Assalamu alaikum jama'a. Tambayar nan tayi yawa, a waya, a majalisa, har ranar kasuwa sai mutum ya ja ni gefe yace malam dan Allah ya ake yi da karen nan ne, na karɓo shi yana ɗan kwikwiyo gwanin sha'awa yanzu ya zama ƙato ya gagari kowa a gidan, ya tsinke igiya, ya tone gindin katanga, shekaranjiya ma zakaran maƙwabta ya kashe. Kuma in ka bincika duk kare iri ɗaya ake nufi, ruwa-biyun nan da suka fara yawa a ƙauyukan Kano da Jigawa, uwa karyar gida uba kuma jinin waje, Alseshan ko Rotwaila ko Bowabul ko Fitbul, masu faɗin ƙirji da kaurin wuya waɗanda basu san gajiya ba.

Abin da nake fara gaya wa kowa shi ne, yawancin karnukan da ake cewa sun lalace, ƙarfi ne ya taru musu a jiki ba a basu inda zasu kai shi ba. Kamar ingarma ne ka ɗaure a turke kana ta ɗura masa dawa da harawa babu kilisa, ranar da ya samu sarari kowa sai ya ji a jikinsa. To ga yadda ake yi, kuma dan Allah a bi shi a jere, kar a tsallake zuwa gudu da horo alhali ko allura ba a yi ba.

1. Kafin ka kawo shi

Ka fara sanin aikin da zai yi maka. Gadin gona, tsaron dabbobi, farauta, waɗannan su ne hadisi ya ambata, wanda yake da tambaya kan gadin gida ya tuntuɓi malamin garinsu. In don gayu ne ko don abokinka yana da shi, ka haƙura kawai. Sannan wa zai riƙa fita da shi safe da yamma, awa ɗaya zuwa biyu kullum, har shekara goma ko fiye? In kai ɗan ci-rani ne, da an gama kaka ka kama hanyar kudu sai ruwa ya sauka, to wa zaka barwa? Yaro ɗan shekara 10 ba zai iya riƙe kare mai kilo 30 ba, jan shi zai yi a ƙasa.

Ka gaya wa maƙwabta, ka gaya wa mai unguwa. Ranar da aka samu matsala maganar tafi sauƙi in da ma sun sani.

Wajen zaɓe kar ka karɓi kwikwiyon da bai kai sati 8 ba, a wajen uwarsa da 'yan'uwansa yake koyon rage ƙarfin cizo. Ka nemi ganin uwar, in ita kanta ba a iya matsawa kusa da ita to kayi tunani. Ɗaga leɓensa ka duba dasashi, ja-ja ake so ba fari fat ba, ido babu kwantsa, ƙarƙashin wutsiya babu alamar zawo. Sai ka tafa hannu da ƙarfi sau ɗaya. Wanda ya zabura sannan ya dawo yana shinshinarka shi ne naka. Wanda ya shige lungu yana karkarwa ya ƙi fitowa ka bar shi, irinsu ne suke cizo saboda tsoro in sun girma.

Gargaɗi: kar ka bari a yanke masa kunne ko wutsiya da reza wai don yayi kwarjini. Azaba ce kawai da ƙuda da ruɓewa, ba ta ƙara masa komai.

2. Makwanci da kayan aiki

Ka gama wannan kafin ya iso. Rumfa mai inuwa ta gaske, ta kara ko zana tafi kwano sanyi, in kwano ne dole to ka shimfiɗa kara a kai. Ɗaga ƙasan wurin kaɗan yadda ruwan damina ba zai kwanta ba, ka sa masa katako ko tsohon buhu ya kwanta a kai. Wurin yayi nesa da madafa da bakin rijiya da inda ake sallah, kuma ba a kan hanyar da yara ke wucewa ba.

Kayan da zaka tanada basu da yawa: kwanonsa biyu na ƙarfe nasa shi kaɗai, ɗaya abinci ɗaya ruwa, bel ɗin wuya mai faɗi na fata, igiyar riƙewa kamar mita 2, doguwar igiya kamar mita 10 ta horo, takunkumi, hantsaki na cire kaska, da shebur na kwashe kashi kullum a binne shi nesa da inda yara ke wasa.

Maganar ɗauri kuwa, in da hali kewaye wuri yafi, kamar taku goma-goma, da katanga ko waya mai tsawo don irinsu suna tsalle kuma suna tono. In babu hali, ja waya mai kauri tsakanin bishiya biyu ka zura zobe ka ɗaura sarƙarsa a zoben, sai ya riƙa kai-komo har inuwa har wajen ruwa. Gajeriyar sarƙa a gindin turke dare da rana ita ce babbar hanyar da ake mayar da kare lafiyayye mafaɗaci.

Gargaɗi: bel ɗin wuya ya zama yatsunka biyu suna shiga ƙarƙashinsa, kuma ka duba duk sati muddin yana girma. Sau da yawa ana mantawa har igiya ta nutse cikin nama sai wari ne zai tona.

3. Likita kafin komai

Satin farko ka nemi ma'aikacin lafiyar dabbobi na ƙaramar hukumarku ko asibitin dabbobi mafi kusa. Maganin tsutsar ciki shi ne farko, don kusan duk kwikwiyo da ita ake haifarsa: duk sati 2 har ya kai wata 3, sannan wata-wata har wata 6, daga nan duk wata 3 har ƙarshen rayuwarsa. A auna nauyinsa kafin a bashi, ba da ka ake yi ba.

Sai allurar haɗaka wadda likitoci ke kira DHLPP. Ta farko tsakanin sati 6 zuwa 8, a maimaita duk sati 3 zuwa 4 har ya kai wajen sati 16, sannan likita zai gaya maka lokacin sabuntawa. Cikin cututtukan da take karewa akwai fabo, wadda ke sa amai da zawon jini mai ƙarni ta kashe kwikwiyo cikin 'yan kwanaki, kuma jinin waje irin Rotwaila sun fi karen gida saurin kamuwa da ita. Shi yasa kafin a gama alluran nan baya zuwa kasuwa, baya zuwa juji, baya cuɗanya da karnukan da ba a san lafiyarsu ba.

Allurar haukan kare kuma yana cika wata 3 ake yi, sannan duk shekara. Wannan ba ta da uzuri ko kaɗan, don ran 'ya'yanka da na maƙwabta ake magana. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin wannan allurar, akwai kuma na waje. Ranar 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da cutar a duniya, wani lokacin akan yi allura kyauta a wajen wannan lokaci, ka riƙa sa kunne a rediyo.

Gargaɗi: allurar riga-kafi da sanyi take rayuwa. In mutum ya zaro kwalba daga aljihun riga a tsakiyar ranar kasuwa yace zai yi maka da araha, kace na gode. Ka ga an fito da ita daga kula mai ƙanƙara, ka ga sabuwar sirinji, a baka kati mai kwanan wata da sa hannu. Katin nan ka adana shi cikin leda tare da takardun gona.

4. Abinci

Ƙanzo da ragowar tuwo da dusa zasu rayar da karen gida, amma ba zasu gina irin wannan jikin ba. Ga abin da nake ba da shawara ga babban kare mai kilo 25 zuwa 30 da yake aiki: garin masara ko dawa gwangwanin madara biyu zuwa uku a rana, a tuƙa shi ya dahu sosai, a haɗa da abin gina jiki kamar kwatan kilo, wato tumbi, huhu, naman kai, ƙafar kaji, ko ɓarɓashin busasshen kifi, mutanen wajen Haɗejia kun san inda ake samunsa da sauƙi. Ƙara cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja, da ɗan kabewa ko karas ko ganyen zogale. Dafaffen ƙwai sau biyu ko uku a sati. Waken suya ma yana yi amma sai ya dahu lugub. Hanta kaɗan-kaɗan, yawanta na da illa. In babu kifi mai ƙaya a abincin, busar da ɓawon ƙwai ka daka shi lukui ka barbaɗa rabin ƙaramin cokali zuwa ɗaya a rana saboda ƙashi, amma ga kwikwiyo kar ka ƙara wannan sai da maganar likita.

Babba sau biyu yake ci, safe da yamma. Kwikwiyo sau huɗu har wata 3, sau uku har wata 6. Ma'aunin ƙoshi ba a kwano yake ba, shafa gefensa zaka yi: in kana jin haƙarƙari a hannu amma ido baya ƙirga su daga nesa, daidai ne. In sai ka danna kafin ka ji, rage. Mutane na son ganin kare ya cika yayi ɓul-ɓul, ni kuwa na fi son a bar shi da ɗan shafaffen ciki, don ƙiba tana kashe gwiwa kuma mai ƙiba shi zafi ke fara kayarwa.

Ruwa kuma kullum a gabansa, a inuwa. Irin wannan kare yana shan lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana, da bazara ya wuce haka nesa.

Gargaɗi na farko: kayan ciki sai an dafa. Huhu da hantar da mahauta suka cire saboda ƙurajen ruwa a jiki, kar ka karɓa ko kyauta ne, tsutsa ce a ciki, ta shiga kare, ƙwanta ya fito a kashinsa ya koma kan yara da tumaki. Mushe ma haka.

Gargaɗi na biyu: albasa da tafarnuwa suna lalata masa jini, don haka ragowar miya ba abincinsa bace, ga gishiri ga yaji. Goro, cakulan, inabi, duk guba ne a wajensa. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda hanji. Masu bashi barkono ko tiramol wai yayi zafin rai, ku ji tsoron Allah, cutar da shi kuke yi kuna kuma haɗa wa unguwa bala'i. In za a sa maganin ɓera a rumbu ko a gida, a kulle karen, a kwashe matattun ɓerayen kafin a sake shi.

5. Sabo da horo

Daga ranar da ya zo har ya kai wata 4, abin da ya gani ya saba da shi shi zai ɗauka a matsayin na gida. To a wannan ɗan lokacin ya ga kaji, awaki, tumaki, shanu, jaki, ya ji ƙarar babur da injin niƙa, ya ga mai rawani da mai hijabi da yara, duk a cikin gida ko kana ɗauke da shi tunda allura bata ƙare ba.

Ga yadda ake yi da kaji. Ka riƙe shi da igiya, ka zauna kamar taku goma daga inda kaza ke kiwo da 'ya'yanta, gutsattsarin kifi a tafin hannunka. Zaka ga ya kafe ta da ido, kunne ya miƙe, jiki ya sandare, ƙafar gaba ɗaya ta ɗan ɗaga. A daidai nan, kafin ya zabura, ka kira sunansa. Yana juyowa ya kalle ka, kifi a baki, kace yauwa. In ya ƙi juyowa kun yi kusa da yawa, ja baya. Minti biyar ya isa, gobe a ƙara matsawa taku ɗaya. Kar a bar shi shi kaɗai da dabbobi sai ka ga da kansa yana kau da kai daga kansu.

Kalma huɗu kawai nake so ya sani sosai: zo, zauna, tsaya, bari. Kowa a gidan kalma ɗaya zai riƙa faɗa, ba wannan yace bari wancan yace kai wani yace kul ba. Ana koyarwa kafin cin abinci lokacin da yake jin yunwa, minti biyar zuwa goma, lada nan take. "Zo" ana fara ta da doguwar igiya, kuma duk abin da yayi, in ka kira shi ya zo kar ka dake shi, in ka yi haka ka koya masa cewa zuwa wajenka wahala ce, gobe ba zai zo ba.

Tafiya da igiya kuma dokarta ɗaya ce, yana ja kana tsayawa cak, igiya ta saki ku ci gaba. Kwanakin farko zaka ji kamar ba zaku isa ko'ina ba, kayi haƙuri, gara ka sha wannan wahalar yana kilo 10 da ka sha ta yana kilo 30.

Gargaɗi: duka da tsumagiya yana sa shi ya ji tsoron hannu, kuma hannun yaro ne zai biya. Ka hana yaran unguwa jifansa da tsokanarsa yana ɗaure, ka hana na gida taɓa shi yana cin abinci ko yana barci. Ƙaramin yaro da wannan kare ba a barinsu su biyu, ko da kuwa tare suka tashi.

6. Motsa jiki

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi yin kuskure ta ɓangare biyu, wasu basa fita da shi sam, wasu kuma su kashe shi da gudu tun ƙashi bai yi ƙwari ba.

Ƙasa da shekara ɗaya: wasa da yawo a ƙasa mai laushi, shi ke tsayawa in ya gaji. Ma'aunin da masu kiwon karnuka ke bi shi ne minti biyar ga kowane wata na shekarunsa, sau biyu a rana, wato ɗan wata 4 minti 20 safe minti 20 yamma. Babu bin keke, babu dirowa daga katanga ko amalanke, babu jan kaya. Ƙasusuwan manyan karnuka basa gama haɗewa sai wata 12 zuwa 18, abin da ka ɓata a wannan lokacin ɗingishi ne na har abada.

Bayan ya cika shekara ɗaya da rabi ga tsarin rana. Ana idar da sallar asuba gari ya ɗan waye ku fita, cikinsa babu abinci. Minti goma na farko tafiya ce a hankali, ya shinshina, yayi fitsari, yayi kashi. Sannan minti 30 zuwa 40 na tafiya mai sauri ko sassarfa a burtali ko hanyar gona. In kun isa fili inda babu dabbobi babu mutane, sa masa doguwar igiya ka jefa masa ƙwallo ko guntun itace. Minti goma na ƙarshe a dawo a hankali. Ya huta numfashi ya daidaita, ya sha ruwa, sai bayan kamar awa ɗaya a bashi abinci. Da yamma in rana tayi sanyi, minti 30 na yawo da horo da wasa.

Gargaɗi: ba a gudu da cikakken ciki. Karnuka masu zurfin ƙirji tumbinsu na iya murɗewa, ciki ya kumbura yayi tauri, yana yunƙurin amai babu abin da ke fita. In ka ga haka likita nan take, awanni kaɗan yake kisa. A bar aƙalla awa ɗaya, biyu ma yafi, tsakanin ci da gudu.

In kana da keke yana taimakawa sosai don ƙafarka ba zata gajiyar da shi ba. Fara da minti goma a sassarfa, ka riƙa ƙara kaɗan duk sati, igiya a hannu yadda zaka iya saki, kar ka ɗaura ta a kan keken don akuya ɗaya ta gilma sai ku tashi a ƙasa. Babur kuwa a'a. Kare zai bi mai shi har ya faɗi, kai kana kan inji baka jin abin da yake ji, kuma kwalta tana ɗaye tafin ƙafa.

Ranar da babu lokacin fita nesa ga abubuwa uku na cikin gida. Na ɗaya, samu gora mai tsawon mita ɗaya da rabi, ɗaura igiya a kanta, ƙarshen igiyar ka ɗaura tsumma ko guntun buhu, ka riƙa jan shi a ƙasa kana zagayawa yana bi, ka bar shi ya kama jefi-jefi, kace bari, ya saki, ya zauna, a sake. Minti goma na wannan yana fitar da gajiya sosai. Amma tsumma kawai, kar ka ɗaura gashin kaza ko fatar akuya, in kayi haka da hannunka ka koya masa ɓarna. Na biyu, ja-in-ja da igiyar rama mai kauri, kai ke farawa kai ke tsayarwa, haƙori ya taɓa hannu wasa ya ƙare. Na uku, aikin hanci: ɓoye gutsattsarin kifi a cikin ciyawa ko ƙarƙashin tsofaffin kwanuka ka sake shi ya nemo. Mutane na raina wannan amma yana kwantar da kare fiye da yadda ake zato, musamman wanda za a yi farauta da shi.

Yanzu lokutan shekara, don tsarin hunturu ba shi ne na bazara ba. Daga Maris zuwa Mayu zafi a nan yana haura digiri 40, kare kuma baya gumi a jiki, da haki yake fitar da zafi, mai kaurin jiki da gajeren hanci ya fi kowa shan wuya. A wannan lokacin asuba ce kawai lokacin gudu, da yamma yawo a hankali dab da magariba. Ɗora bayan hannunka a kan yashi, in ba zaka iya ƙirga bakwai ba to shi ma ba zai taka ba. Ka tafi da gorar ruwa. Kar a yi gudu da takunkumin da ya matse baki.

In ka ga harshe ya zazzago yayi faɗi yayi jajawur, yawu yayi kauri, yana tangaɗi ko amai, zafi ya buge shi. Kai shi inuwa, ka riƙa kwara masa ruwan randa ko na rijiya a ciki da hammata da wuya da ƙafafu, ana yi masa fifita, ruwan sha kaɗan-kaɗan in zai iya. Kar a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, riƙe zafin yake yi. Ko ya miƙe a kai shi likita, don illar na iya bayyana daga baya.

Da damina shuka na gona, ka riƙe shi da igiya ku bi burtali, kar ya shiga gonar mutane, kuma kar ya sha ruwan da ya kwanta a gonar da aka yi feshi. In kun haɗu da garken Fulani ka kauce ka zaunar da shi har su wuce, su ma da karnukansu. Da kaka tushiyar kara tana yanka, ƙarangiya da tsidau suna cika ƙafa, macizai irin su kububuwa da kasa kuma suna fakewa a tarin kara da harawa. In maciji ya sare shi kar a tsaga, kar a ɗaure, a ɗauke shi kar yayi tafiya, a nufi likita. Hunturu shi ne lokacin gina jiki, a nan zaka tsawaita tafiya, ku hau tudun yashi ko duwatsu in irin wajen Dutse ko Birnin Kudu kake.

Yadda zaka gane ya isa: kun dawo ya sha ruwa, ya zagaya sau biyu ya zube a inuwa ya miƙe ƙafafu, kaza ta wuce ta gabansa ya buɗe ido ɗaya ya mayar. In kuwa har yanzu yana haushi yana tono yana cin katako, a ƙara. In da safe yana tashi da ƙyar ko yana ɗingishi ko yana ja baya a hanya, yayi yawa, a bashi hutun kwana biyu, in bai sake ba a nemi likita. Kar a bashi farasitamol ko ibufurofen ko diklofenak na mutane, suna lalata hanta da ƙoda da tumbi.

7. Duba jiki in kun dawo

Minti uku ne amma kullum. Ɗaga kowace ƙafa ka buɗe tsakanin yatsu, ka leƙa cikin kunne, ka shafa wuya da hammata. Kaska ka kama ta da hantsaki dab da fata ka ja a miƙe, ka jefa a kalanzir, kar ka fasa ta da farce. Kaskar kare a tsagar bango take ɓuya ta yi ƙwai, don haka in baka yaɓe tsagar ka share makwancin ba, wanka kawai kake yi tana dawowa. Tana sa ciwon jini, alamarsa kasala, ƙin abinci, farin dasashi, fitsari ya canza yayi duhu.

Ƙuda na cin bakin kunne har yayi jini, a wanke a shafa basilin, a tsaftace wurin. Da damina in ka ga ƙuraje masu ɗan rami a tsakiya, tsutsar ƙuda ce daga damshin ƙasa, toshe ramin da basilin ta leƙo ka matse ta, ka canza masa makwanci busasshe. Wanka sau ɗaya ko biyu a wata ya isa, da rana, da sabulu marar ƙarfi.

Gargaɗi: fiya-fiya, maganin feshin gona, baƙin mai, babu ɗayansu da ake shafa wa kare, ko don kaska ko don ƙazuwa. Maganin kaska da allurar aibamektin na shanu ma ƙarfinsu na shanu ne, likita ne zai auna maka.

8. Barbara da fiɗiya

Karya tana neman namiji kamar sau biyu a shekara, kusan sati uku kowane karo, ciki kuma wajen kwana 63. A kwanakin nan a kulle ta, a fita da ita da igiya kawai. Namiji kuma zai fara tsallake katanga ya dawo da raunin faɗa. In baka da niyyar kiwo, likita na yin fiɗiya da allurar barci, an fi so bayan ya gama girma. Tana rage yawon dare amma bata maye gurbin fita da shi ba. Dandaƙa irin ta bunsuru a gida kar a kuskura.

9. Lissafin kuɗi

Abinci ne babban kashi. Hatsi kwano uku zuwa huɗu a wata, kaga buhu ɗaya mai kwano 40 zai kai ka kusan shekara, sai ka ware shi tun da kaka lokacin da yake araha. Nama ka ƙulla da mahauci ɗaya a kasuwarku ya riƙa ajiye maka, ranar babbar kasuwa irin Juma'ar Wudil ko Alhamis ɗin Maigatari an fi samun sauƙi, in babu firji ka dafa ka shanya. Shekarar farko tafi nauyi saboda jerin allurai da rumfa da sarƙa, daga nan sai sabuntawa da maganin tsutsa da na kaska. Masu karnuka a gari ɗaya ku haɗa kai ku kira ma'aikaci rana ɗaya ku raba kuɗin mai. Kuma ka ajiye wani abu na ko-ta-kwana, don saran maciji da biyan akuyar maƙwabci basa sallama.

10. In ya ciji mutum

Ko anyi masa allura, ko ɗan ƙarzane ne. Nan take a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa ana kwarawa har minti 15 cikakku, a duba agogo, sannan a tafi asibiti a ranar. Ba a sa gashin karen ko toka ko ƙasa a ciwon, ba a jira a ga abin da zai faru, domin cutar haukan kare in alamunta suka bayyana a jikin mutum kusan babu mai tashi, amma allurar da ake yi bayan cizo tana hanawa in an fara da wuri kuma an cika ta.

Karen kuma kar a yi saurin kashe shi ko a kore shi daji. A kulle shi shi kaɗai kwana 10 ana bashi ci da sha daga nesa ana lura, a sanar da ma'aikacin dabbobi. In ya fara dalala, muryarsa ta canza, yana cizon duk abin da ya samu, ko ƙafafun baya suka mutu, kar kowa ya taɓa shi, a kira ma'aikaci, a kuma gaya wa asibitin da ke yi wa wanda aka ciza allura. Kai mai kare ka raka su asibitin da katin allurarsa a hannu, ka ɗauki nauyin maganin, sannan ka je wajen mai unguwa da ƙafarka kafin a aiko kiranka.